Najeriya: Bayan haramta mari, ina aka kwana kan maganin masu taɓin hankali?

A watan Janairun 2023 ne aka bayyana cewa shugaban Najeriya na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya sanya hannu a kan sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata da Turawan mulkin mallaka suka kafa a 1916, aka kuma yi mata kwaskwarima a 1958.

Sabuwar dokar ta haramta ɗaure masu taɓin hankali da mari ko sarƙa, ta kuma ba su 'yancin sanin irin maganin da za a ba su, da sa baki a shawarar yadda za a yi jinyarsu.

Dokar ta zo ne shekaru kaɗan bayan abin da ya girgiza ƙasar a watan Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka kuɓutar da mutane fiye da 300 daga wani gidan mari a unguwar Rigasa da ke Kaduna. A ƙarshen wannan shekara ƙungiyar kare haƙƙin bil'adama ta Human Rights Watch ta ce ta ziyarci wurare 28 da ake ajiye masu taɓin hankali a sassan ƙasar, ta kuma tarar ana ɗaure mutane a kusan dukkansu, ciki har da na gwamnati.

To amma kwance mari rabin aiki ne. Wanda aka kwance daga turu, idan har yana fama da ciwo mai tsanani, galibi magani ne zai riƙe shi a cikin jama'a, kuma mai yiwuwa ne ya shafe shekaru yana shan sa. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce ko an tanadi abin da zai sa ya sha wannan magani ba tare da ya cutar da shi ba.

Yadda magungunan ke aiki

Magungunan da ake magana a kansu su ne waɗanda likitoci ke bayarwa idan hankalin mutum ya rabu da zahiri, wato ya riƙa jin muryoyin da babu su, ko gane-gane, ko ya kafe a kan cewa ana bin sa ko ana shirya masa makirci. An fi amfani da su a kan cutar da ake kira sikizofireniya, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta a 2022 cewa tana damun mutane kimanin miliyan 24, wato mutum ɗaya cikin kowane 300. Ana kuma ba da su ga masu ciwon baifola, da matan da hankalinsu ya gushe bayan haihuwa.

Na farkonsu shi ne kulofuromazin, wanda aka fi sani da Largactil. An haɗa shi a Faransa a ƙarshen 1950, kuma a 1952 wasu likitoci biyu, Jean Delay da Pierre Deniker, suka gwada shi a asibitin Sainte-Anne da ke birnin Paris. A 1958 aka samar da haloferidol, ko Haldol, a Beljiyam. Daga baya, musamman a shekarun 1990, aka fito da wani sabon rukuni da ya haɗa da risferidon da olanzafin.

Kusan dukkansu suna aiki ne ta hanyar rage tasirin wani sinadari a ƙwaƙwalwa mai suna dofamin. Matsalar ita ce wannan sinadari ba a tunani kaɗai yake da hannu ba. Yana taimakawa wajen sarrafa motsin gaɓoɓi, yana kuma taƙaita sinadarin da ke kawo ruwan nono. Saboda haka ne amfanin maganin da illarsa suke fitowa daga tushe guda.

Abin lura kuma shi ne magungunan ba sa tumɓuke cutar kamar yadda maganin zazzaɓin cizon sauro ke kashe ƙwayar cuta a cikin kwanaki uku. Danne alamun ciwon suke yi, kamar maganin hawan jini. Mutum kan samu natsuwa da barci cikin 'yan kwanaki, amma muryoyi da zarge-zarge kan ɗauki makonni huɗu zuwa shida kafin a ga cikakken tasirin maganin a kansu.

Hatsarin ajiye magani

Rashin fahimtar wannan ne ke haifar da kuskuren da ya fi kowane yawa. Da zarar majinyaci ya dawo hayyacinsa, ya koma kasuwa ko gona, sai shi da danginsa su ɗauka an rabu da ciwon, a jefa sauran ƙwayoyin a lokar gado.

A 2012 mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 65 da aka yi a kan mutane fiye da 6,000. Sakamakon ya nuna cewa cikin kimanin shekara guda, ciwon ya dawo wa kashi 27 cikin ɗari na waɗanda suka ci gaba da shan magani. A cikin waɗanda aka sauya wa maganin da ƙwayar da ba ta ƙunshi komai ba, kashi 64 cikin ɗari ne ciwon ya sake kamawa.

Kowace dawowar ciwon tana da nata asarar. Wani aikinsa zai rasa, wata aurenta, wani kuma dangi su gaji su mayar da shi gidan mari. Akwai kuma majinyatan da maganin ba ya yi musu aiki a karo na biyu ko na uku kamar yadda ya yi a karon farko.

Yanke maganin farat ɗaya ya fi muni, domin ƙwaƙwalwa ta riga ta saba da shi. Mutum na iya fuskantar rashin barci, da tashin zuciya, da rashin sukuni, kuma ciwon na iya dawowa da ƙarfi.

Ko da yake haka ne, masana ba su daidaita ba a kan cewa kowa sai ya sha maganin har ƙarshen rayuwarsa. Wasu likitoci, musamman a Turai, sun daɗe suna cewa ana barin mutane a kan magani fiye da kima. Don gwada wannan ra'ayi ne aka yi wani bincike a Ingila ƙarƙashin Farfesa Joanna Moncrieff, wadda ita kanta tana cikin masu sukar yawan ba da magungunan. An raba majinyata 253 gida biyu, aka riƙa rage wa kashi ɗaya maganin sannu a hankali. Da aka fitar da sakamakon a 2023, sai aka ga cewa cikin shekaru biyu ciwon ya dawo da tsanani ga kashi 25 cikin ɗari na waɗanda aka rage wa, idan aka kwatanta da kashi 13 na waɗanda aka bari a kan maganinsu, ba tare da an ga wani bambanci ba a yadda suke tafiyar da harkokinsu na yau da kullum.

Kowane ɓangare ya samu abin kafa hujja a wannan sakamako. Akasarin waɗanda aka rage wa maganin ba su koma asibiti ba, amma hatsarin ya kusan ninkawa, duk da cewa likitoci na sa ido a kansu. Abin da ba a jayayya a kai shi ne cewa wanda ciwon ya kama a karon farko ya kamata ya ci gaba da magani na kimanin shekara guda aƙalla bayan ya samu sauƙi, kuma duk wani ragi sai da likita, a kuma yi shi cikin watanni.

Me ke sa mutane gudun maganin?

Kuskure ne a ɗora laifin kan jahilci ko taurin kai kawai. A Amurka, wani babban bincike da gwamnati ta ɗauki nauyinsa, aka wallafa a 2005, ya bi diddigin majinyata kusan 1,500. Kashi 74 cikin ɗari sun bar maganin da aka fara ba su kafin cikar watanni 18, wasu don bai yi musu aiki ba, wasu don ba za su iya jure illarsa ba. Binciken ya kuma gano cewa wani tsohon magani mai araha ya yi kafaɗa da kafaɗa da akasarin sababbin masu tsada.

Tsofaffin magungunan, waɗanda su ne talaka ya fi iya saye, sun fi taɓa motsin jiki. Sukan sa sandarewar gaɓoɓi, da rawar hannu, da dalalar miyau, da tafiya kamar an ɗaure mutum. Wani lokaci, musamman ga samari a kwanakin farko, wuya kan murɗe, idanu su kafe sama, harshe ya fito. Dangin da ba a yi wa bayani ba sukan ɗauka iska ce ta buge shi, su ɗauke shi daga asibiti, alhali allura guda tana warware matsalar cikin mintuna.

Akwai kuma wata illa da ke hana mutum zama wuri ɗaya, ya yi ta kai da komo yana jin kamar zai fita daga fatarsa. Hatsarinta shi ne akan ɗauka ciwon ne ya tashi, sai a ƙara maganin, lamarin ya ƙara dagulewa.

Wadda ta fi daɗewa ita ce motsin baki da harshe da fuska ba da son mutum ba, wanda kan bayyana bayan watanni ko shekaru. Da tsofaffin magungunan, tana kama kimanin kashi 5 cikin ɗari na masu sha a kowace shekara, ta fi yawa ga tsofaffi, kuma idan ba a lura da wuri ba tana iya zama ta dindindin.

Sababbin magungunan sun rage waɗannan, amma sun zo da nasu. Olanzafin na buɗe ciki ƙwarai, yana sa ƙiba, yana kuma iya kai mutum ga ciwon sukari da yawan kitse a jini. A inda ake kallon ƙiba a matsayin alamar samun lafiya, dangi kan yi murna da abin da ya kamata ya sa a koma wurin likita. Risferidon kuma kan ɗauke jinin al'ada, ya kawo ruwan nono ga macen da ba ta shayarwa, ko ya rage wa namiji kuzari. Waɗannan abubuwa ne da kunya ke hana majinyaci faɗa, likita ma ba ya tambaya, sai kawai a ga mutum ya daina zuwa asibiti.

Akasarin waɗannan matsaloli suna da mafita, ko dai a rage yawan maganin, ko a sauya shi da wani. Sharaɗin shi ne a samu wanda za a kai wa kuka.

Sikeli da ma'aunin jini

WHO ta ce masu taɓin hankali mai tsanani kan mutu shekaru 10 zuwa 20 kafin sauran jama'a, kuma akasarin mace-macen daga cututtukan jiki ne kamar ciwon zuciya da na sukari, waɗanda ana iya kare su. Shan taba da talauci da rashin kulawa a asibiti suna da hannu, haka ma illar wasu magungunan.

Duk da haka bai kamata a fahimci cewa barin maganin ya fi tsawaita rai ba. Wani nazari da aka yi a Finlan a kan mutane fiye da 66,000, aka wallafa a 2009, ya nuna cewa waɗanda suka daɗe suna shan magani sun fi waɗanda ba sa sha tsawon rai.

Abin da ke raba amfani da cutarwa shi ne bibiya. Ƙa'idar da hukumomin lafiya na Ingila suka shimfiɗa a 2014 ta ce kafin a fara maganin a auna nauyin mutum, da faɗin ƙugunsa, da hawan jini, da sukari da kitsen jini. Daga nan a riƙa auna nauyi kowane mako har makonni shida, a sake duba komai bayan makonni 12, sannan bayan shekara, sannan kowace shekara. Mai ciwon zuciya kuma a yi masa gwajin bugun zuciya tukuna.

Ban da gwajin jini da na zuciya, sauran ba sa buƙatar komai sai sikeli, da tef ɗin tela, da ma'aunin hawan jini, waɗanda ƙaramin asibitin ƙauye ma zai iya mallaka.

Akwai alamun da ba sa jiran ranar ganin likita. Zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki, da gumi, da ruɗewa, na iya zama wata illa da ba ta cika faruwa ba amma tana kisa. A ƙasar da kowane zazzaɓi ake fara kiransa na cizon sauro ko taifot, wajibi ne dangi su gaya wa ma'aikatan asibiti irin maganin da mutum yake sha. Haka nan suma, ko bugun zuciya da ya rikice, ko wahalar haɗiya da numfashi.

Darasin kulozafin

Babu maganin da ya nuna muhimmancin bibiya kamar kulozafin, mai sunan kasuwa Clozaril ko Leponex. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu sikizofireniya ba sa samun sauƙi sosai da sauran magunguna, kuma shi ne aka tabbatar ya fi yi musu aiki.

A 1975 mutane takwas suka mutu a Finlan bayan da maganin ya karya fararen ƙwayoyin jininsu, masu yaƙi da cututtuka, abin da ya sa aka janye shi a ƙasashe da dama. Bayan wani gwaji a 1988 ya tabbatar da fifikonsa, aka dawo da shi bisa sharaɗin gwajin jini a kai a kai. Matsalar na samun kimanin mutum ɗaya cikin ɗari, galibi a makonni 18 na farko. Maganin da ya yi kisa a 1975 bai sauya ba. Tsarin sa ido ne ya mayar da shi abin dogaro ga dubban mutane.

Mai shan sa dole ya ɗauki zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro da muhimmanci, haka ma taurin bayan gida, wanda kan kai ga toshewar hanji. Idan kuma ya yi sa'o'i 48 bai sha ba, ba zai koma kan adadin da ya saba ba, sai likita ya sake farawa da shi daga ƙasa.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya shafi Afirka ta Yamma kai tsaye. Akasarin mutanen yankin suna da wani gado a jininsu da ke sa adadin waɗannan fararen ƙwayoyi ya kasance ƙasa da na Turawa, ba tare da wata cuta ba. Da yake da jinin Turawa aka tsara ma'aunin, an shafe shekaru ana hana baƙaƙen fata da dama maganin a Amurka da Birtaniya. A 2015 Amurka ta sassauta ma'aunin ga irin waɗannan mutane, a 2025 kuma ta soke tilascin kai sakamakon gwaji kafin a ba da maganin, ko da yake ta ci gaba da ba da shawarar a riƙa gwajin.

Zafi, azumi da kemis

Wasu haɗurran sun danganta ne da inda mutum yake zaune. Magungunan suna rage wa jiki ikon daidaita zafinsa, wasunsu kuma suna hana gumi. A lokacin matsanancin zafin da aka yi a yammacin Kanada a watan Yunin 2021, masu bincike sun gano cewa kimanin kashi 8 cikin ɗari na waɗanda suka mutu masu sikizofireniya ne, alhali ba su wuce kashi ɗaya cikin ɗari na jama'ar lardin ba.

Wannan gargaɗi ne ga ƙasashen Sahel, inda a watan Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, ana cikin azumin Ramadan. Mai shan waɗannan magunguna na buƙatar inuwa da ruwa fiye da kowa a bazara.

Shi kansa azumin, likitoci na ba da shawarar a je a tattauna kafin watan ya kama. Da yawa daga cikin magungunan sau ɗaya ake sha a rana, ana kuma iya mayar da su bayan buɗa-baki. Wanda ciwonsa bai lafa ba kuwa, shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame. Abin da ke jawo matsala shi ne mutum ya tsallake maganin da kansa, ga kuma ƙarancin barci, wanda shi ma kan tayar da ciwon.

Sai batun haɗa magunguna. Wasu magungunan zazzaɓin cizon sauro, irin su kwinin, da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, suna iya rikita bugun zuciya idan suka haɗu da haloferidol ko Largactil. Rifamfisin da ake ba masu tarin fuka na rage ƙarfin da dama daga cikinsu. Hayaƙin taba na sa hanta ta yi saurin narkar da olanzafin da kulozafin, saboda haka wanda ya daina shan taba farat ɗaya maganin na iya yi masa yawa a jini. Giya, da kodin, da taramol, da ƙwayoyin barci kan ƙara nauyin jiki da magagi, wiwi kuma na daga cikin abubuwan da suka fi tayar da ciwon. A ƙasar da mutane da yawa ke fara zuwa kemis kafin asibiti, ba kasafai ake tambayar mai saye wane magani yake sha ba.

Akwai kuma ƙwayar Artane, wadda ake bayarwa don sassauta sandarewar jiki. WHO ta ce kada a riƙa ba da irinta ga kowa da kowa, sai wanda illar ta bayyana a jikinsa. A arewacin Najeriya wannan ƙwaya, da sunan Exol, ta shiga jerin kayan mayen da hukumar NDLEA ke yawan kamawa, lamarin da ke ɗora wa dangi nauyin adana ta.

Mace mai juna biyu ko mai shirin ɗaukar ciki ita ma bai kamata ta ajiye magani da kanta ba, domin makonnin farko na jego suna daga cikin lokutan da ciwon ya fi dawowa.

Marin da ba a gani

Magani ma yana iya zama mari, idan manufar ba da shi ita ce a kwantar da mutum don masu jinya su huta. Rahoton Human Rights Watch na 2019 ya ambaci yadda ake ɗura wa mutane magani da ƙarfi ba tare da an yi musu bayani ba.

Wannan ba matsalar ƙasashe matalauta ba ce kaɗai. A 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa sababbin magungunan na ƙara hatsarin mutuwa ga tsofaffi masu gigin tsufa, a 2008 kuma ta faɗaɗa gargaɗin zuwa tsofaffin magungunan. Wani rahoto da aka miƙa wa gwamnatin Birtaniya a 2009 ya ƙiyasta cewa ana ba irin waɗannan tsofaffi 180,000 magungunan, kuma hakan na jawo ƙarin mace-mace kimanin 1,800 a shekara. A 2009 kamfanin Eli Lilly ya amince ya biya dala biliyan 1.4 kan tallata Zyprexa don abubuwan da ba a amince da su ba, a 2013 kuma Johnson & Johnson ya biya fiye da dala biliyan 2 kan zarge-zargen da suka haɗa da tallan Risperdal.

Ƙa'idar da WHO ta shimfiɗa mai sauƙi ce, wato a fara da kaɗan, a ƙara a hankali, a tsaya kan mafi ƙarancin adadin da ya yi aiki, a kuma ba da magani ɗaya a lokaci guda. Majinyacin da ke wuni yana barci, miyau na zuba, bai samu lafiya ba.

Kuɗi da ma'aikata

Duk waɗannan shawarwari sun dogara ne kan abubuwa biyu da suka yi ƙaranci a Najeriya. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasar ta sha kokawa cewa mambobinta da ke aiki a gida ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200, kuma wasu na ci gaba da ficewa zuwa ƙasashen waje. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na arewa, irin su na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano, da na Maiduguri, suna karɓar majinyata daga garuruwa masu nisan ɗaruruwan kilomitoci. Kuɗin motar mutum biyu, majinyaci da ɗan rakiya, kan fi kuɗin maganin kansa.

Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar daga aljihun jama'a yake fitowa. Bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa fiye da 1,500 a farkon 2024, farashin magunguna kuma ya bi ta, domin akasarinsu ko kayan haɗa su daga waje ake shigo da su. A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin cire haraji kan kayan haɗa magunguna don rage raɗaɗin.

Ga mai taɓin hankali, tsadar magani ba ta tsaya kan aljihu ba. Iyalin da suka koma raba ƙwaya biyu, ko sha yau a tsallake gobe, ko jiran ƙarshen wata, suna yin ainihin abin da likitoci ke gargaɗi a kai, ba da son ransu ba. Allurar da ake yi sau ɗaya a makonni biyu zuwa huɗu tana rage matsalar mantuwa, amma ita ma sai an gwada mutum da kaɗan tukuna, domin idan ta shiga jiki ba a iya fitar da ita.

A watan Satumban 2024 Amurka ta amince da Cobenfy, magani na farko cikin shekaru fiye da 70 da ke bin wata hanya daban da ta toshe dofamin. An sa masa farashin dala 1,850 a wata. A lokacin, wannan ya haura albashin shekaru uku na ma'aikacin Najeriya da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Bisa ga dukkan alamu, tsofaffin magungunan ne za su ci gaba da riƙe akasarin majinyatan Afirka na tsawon lokaci.

Ina mafita?

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda majinyata ke zama a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da wani ɗan uwansu, suna karɓar magani suna kuma cuɗanya da jama'a. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kuma daga baya ya zama mataimakin shugaban WHO.

A 2020 Lancet ta wallafa wani gwaji da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da kuma Kumasi ta ƙasar Ghana, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci suka riƙa ziyartar wani rukuni daga cikin majinyata kimanin 300 da ke hannun masu maganin gargajiya da na addini, suna ba da magani suna kuma bibiya. Bayan watanni shida, waɗanda aka yi wa wannan haɗin gwiwa sun fi sauran samun sauƙi. Shirin da WHO ta ƙaddamar a 2008 na horar da ma'aikatan jinya da na lafiyar al'umma kan cututtukan ƙwaƙwalwa shi ma a kan wannan tunani aka gina shi.

Dokar 2023 ta tanadi kafa sashe na musamman a ma'aikatar lafiya ta tarayya da kuma asusun tallafa wa wannan fanni. Masu lura da al'amura na ganin cewa ba da yawan gidajen marin da aka rufe kaɗai za a auna nasararta ba. Za a auna ta ne da ko majinyacin da ke ƙauye zai samu maganinsa kowane wata ba yankewa, a farashin da zai iya biya, da kuma ko akwai ma'aikacin lafiya kusa da shi da zai ɗora shi kan sikeli, ya duba hannunsa da harshensa, ya tambaye shi yadda maganin yake yi masa.

Idan aka rasa waɗannan, iyalai da dama za su ga ciwon ya dawo, kuma gidan mari ne wurin da suka sani.